Shin Dole Ne In Rabu da Kayan Zaƙi Kafin In Kiyaye Lafiyata?

Tambaya: Ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ina da yara uku. Likita ya auna ni ya ce ba ni da ciwon sukari, amma ya shawarce ni da in rage ƙiba. Damuwata ita ce ina matuƙar son kayan zaƙi, musamman kek da ayis kirim da cakulan. Sau da yawa nakan ƙudurta dainawa gaba ɗaya, in yi mako biyu ko uku ban taɓa ba, sai rana ɗaya in zauna in ci fiye da yadda na saba. Shin akwai yadda mutum zai ci gaba da cin kayan zaƙi kuma ya kiyaye lafiyarsa, ko kuwa dole ne in haƙura da su har abada? Yaya kuma zan yi da yarana?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki lafiya. Ba dole ba ne ki rabu da kayan zaƙi, kuma a ganina alƙawarin da kike yi wa kanki na dainawa kwata-kwata yana cikin abubuwan da suke mayar da ke baya. Abin da lafiyarki take buƙata shi ne ki san adadin sukarin da yake shiga jikinki a wuni, ki gano ta ƙofofin da yake shigowa, sannan ki zaɓi da kanki inda kike so ki ci rabonki. Mutane da yawa idan suka zauna suka yi wannan lissafi sukan tarar cewa sukarin da suke sha ba tare da sun lura ba ya fi na kek ɗin da suke jin kunyar ci.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan sukari, inda ta ce kada sukarin ƙari ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake ci a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki), ta kuma ƙara da cewa idan aka sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100 za a samu ƙarin amfani. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, kashi 10 na nufin giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, kashi 5 kuwa giram 25, kimanin cokali 6. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fi matse iyakar, domin tun 2009 take ba da shawarar kada mace ta wuce giram 25 a rana, namiji kuma giram 36. Ki lura cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ta ce sifili. Abin da ake nufi da sukarin ƙari shi ne duk sukarin da kamfani ko mai girki ko mai ci ya zuba a abinci da abin sha, haɗe da wanda yake cikin zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Sukarin da yake cikin ɗan itace cikakke, kamar tuffa ko lemu ko ayaba da aka ci da tsokarsu, da wanda yake cikin madara tun asali, ba ya cikin wannan lissafi.

Ƙaramin cokali ɗaya na sukari kimanin giram 4 ne. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yakan ɗauki kimanin giram 35, kusan cokali 9 ke nan. Wanda yake shan shayi kofi uku a rana, kowane kofi da cokali biyu, ya sha giram 24. Idan aka haɗa biyun an samu giram 59, an riga an tsallake babbar iyakar, alhali mutumin zai iya rantsuwa cewa bai ci wani abu mai zaƙi ba a ranar. Giram 100 na ayis kirim kuwa, wato kimanin ludayi biyu ƙanana, yana ɗauke da sukari wajen giram 20. Ashe ke nan macen da ta bar lemon kwalba ta kuma mayar da sukarin shayinta cokali ɗaya za ta iya shan ayis kirim ɗinta bayan cin abinci, kuma jimillar sukarinta ta kasance ƙasa da ta ranakun da take ganin tana ƙauracewa. Wannan shi ne ginshiƙin shawarata gare ki: ki ƙwace sukarin daga wuraren da yake wucewa ba ki ji daɗinsa ba, ki mayar da wani ɓangare nasa inda kike jin daɗinsa da gaske.

Na fara da abin sha ne domin jiki ba ya lissafa kalorin ruwa yadda yake lissafa na abin taunawa. A wani bincike da DiMeglio da Mattes suka wallafa a shekarar 2000, an riƙa ba mutane kalori 450 na sukari kullum tsawon mako huɗu, wani lokaci a matsayin lemo, wani lokaci a matsayin alawa. Lokacin da suke cin alawar sai suka rage sauran abincinsu da kansu, amma lokacin da suke shan lemon ba su rage ba, sai kalorin ya zama ƙari a kan abin da suka saba ci. Haka abin yake tsakanin lemu da ruwansa. Kafin a cika kofi ɗaya sai an matse lemu biyu ko uku, a kuma zubar da zaren da yake cikin tsokar, wanda shi ne yake sa ƙoshi yake kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. Da wuya mutum ya zauna ya cinye lemu uku a jere, amma yakan shanye ruwansu cikin minti ɗaya.

Abin da kika bayyana na ƙauracewa sannan a dawo a ci da yawa sananne ne ga masu nazarin halayyar cin abinci, kuma ba alamar raunin zuciya ba ce. A shekarar 1975 masu bincike Herman da Mack suka yi gwaji da ɗalibai mata a Amurka. Suka ba wasu abin sha mai kauri na madara da zaƙi, wasu kuma ba su ba su komai ba, sannan aka ajiye wa kowa ayis kirim aka ce su ɗanɗana yadda suke so. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci, da suka sha madarar sai suka rage cin ayis kirim, domin sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka sha madarar sai suka ƙara ci fiye da takwarorinsu da ba su sha ba. Bayanin da aka yi shi ne, wanda ya kafa wa kansa doka mai tsauri, da zarar ya ga dokar ta karye sai ya ce tunda an riga an ɓata yau, bari ya ci iya cinsa, gobe ya sake farawa. Dokar da ta ce ko loma ɗaya ba a yarda ba, loma ɗaya ce take rusa ta. Tsarin da ya ce za ki ci yanki ɗaya bayan abincin rana ranar kaza kuwa, cin wannan yanki cika tsari ne, don haka babu jin laifin da zai tura ki ga yanki na biyu da na uku.

Son zaƙi halitta ce. Jariri yana karɓar zaƙi tun ranar da aka haife shi, kuma nonon uwa kansa yana da sukarinsa na asali, kimanin giram 7 a kowane mililita 100. Akwai kuma wani abu da Barbara Rolls da abokan aikinta suka bayyana a 1981, wato ƙoshin da ya keɓanta da ɗanɗano ɗaya: yayin da mutum yake cin abu, daɗin wannan ɗanɗanon yana raguwa a bakinsa, amma sha'awar wani ɗanɗano dabam tana nan. Shi ya sa mutum zai ƙoshi da abinci mai gishiri har ya ture kwano, amma da an kawo kek sai ya samu wurin sa shi. Wannan ilimi yana da amfani ta ɗaya fuskar, domin yana nuna cewa mafi yawan daɗin kayan zaƙi yana cikin lomomin farko. Loma ta goma ba ta kai ta biyu daɗi ba, alhali kalorinsu ɗaya ne. Saboda haka ki yanki rabonki ki sa a ƙaramin faranti, ki mayar da sauran inda yake kafin ki fara ci, ki zauna, ki ajiye waya, ki ci a hankali. Wanda ya ci cakulan a tsaye daga cikin leda idonsa na kan talabijin ya ɗauki kalorin duka, amma daɗin da ya samu kaɗan ne, shi ya sa bai daɗe ba zai koma nema.

Lokacin ci yana da muhimmanci ƙwarai, kuma mafi dacewa shi ne dab da kammala cikakken abinci. Dalili na farko shi ne, idan ciki ya riga ya samu furotin da ganyaye da ɗan maiƙo, yakan saki abinci zuwa hanji sannu a hankali, sai sukarin jini ya hau a tsanake maimakon ya yi tsalle kamar yadda yake yi idan an ci zaƙi da yunwa. Mai yunwa kuma ba ya iya tsayawa a yanki ɗaya. Dalili na biyu shi ne haƙori, wanda mutane suka fi mantawa da shi idan ana maganar sukari. Ƙwayoyin bakteriyar da suke zaune a bakin kowa suna cin sukari su fitar da asid. Tun a shekarun 1940 Robert Stephan ya nuna cewa cikin 'yan mintuna bayan sukari ya taɓa haƙori, tsamin da yake samansa yana ƙaruwa har ya kai matakin da farin rufin haƙori yake fara narkewa, kuma miyau yana buƙatar kimanin minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya daidaita bakin. Duk lokacin da aka sake sa zaƙi a baki, agogon ya koma farko. Binciken da aka yi a asibitin Vipeholm da ke Suwidin, wanda aka wallafa a 1954, ya tabbatar da haka: waɗanda aka riƙa ba alawa mai ɗanko tsakanin abinci da abinci haƙoransu sun ruɓe fiye da na waɗanda suka ci sukari tare da abinci nesa ba kusa ba. An yi wannan bincike ne a kan majinyata masu naƙasar ƙwaƙwalwa waɗanda ba za su iya ba da yardarsu ba, zalunci ne da ba za a amince da irinsa a yau ba, amma darasin da ya bari tabbatacce ne. Yanki ɗaya na kek da aka cinye a zama ɗaya bayan abinci ya fi wa haƙori sauƙi a kan alawa biyar da aka riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa yamma, ko da sukarin alawar bai kai na kek ɗin ba. Ki kurkure baki da ruwa bayan ci, ki kuma goge haƙori sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin barci, domin miyau yana raguwa da dare.

Tunda burinki rage ƙiba ne, kada ki tsaya ga sukari kaɗai. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9, kuma a cikin kek da biskit da cakulan da ayis kirim, man shanu da kirim da sauran mayuka sukan ba da kalori daidai da sukarin ko fiye. Cakulan mai duhu, wanda kokonsa ya kai kashi 70 cikin 100, yana da ƙarancin sukari a kan cakulan mai madara, kuma ɗacinsa yana sa mutum ya tsaya da wuri, amma giram 100 nasa yana kusantar kalori 600, don haka gutsure biyu ko uku ne rabo. Idan za ki sayi abin da aka ƙunshe a leda ko kwali, ki karanta bayanin da yake jikinsa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan sukari ne na farko ko na biyu kin san abin da kike saye. A ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, abincin da sukarinsa ya haura giram 22.5 a cikin giram 100 mai yawan sukari ne, wanda bai wuce giram 5 ba kuma mai ƙaranci ne. Abu ɗaya da nake cewa a guje shi baki ɗaya shi ne man da aka daskarar a masana'anta ta hanyar sa masa haidurojin, wanda ake samu a wasu biskit da kek na kanti, domin yana ƙara mummunan kolestarol, wato maiƙon da ke cikin jini, yana rage mai kyau, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya take kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci.

Za a ce miki ki koma zuma ko jan sukari. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, jan sukari kuma farin sukari ne da ɗan ragowar ruwan rake a jikinsa, kuma ɗan sinadarin da suke ɗauke da shi bai kai ya sauya lissafi ba. Ki yi amfani da su idan ɗanɗanonsu kike so, amma ki ƙirga su cokali da cokali kamar farin sukari. Sinadaran zaƙi marasa kalori kuma, a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba, domin ba a ga sun rage kitsen jiki a tsawon lokaci ba, kodayake wannan shawara ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. Ni abin da ya fi damuna game da su shi ne suna barin harshe da sabon zaƙi mai yawa. Harshe yana koyo, kuma wanda ya rage sukarin shayinsa da rabin cokali duk mako biyu, bayan 'yan watanni idan ya kurɓi irin shayinsa na da sai ya ji zaƙin ya yi masa yawa.

Idan kina yin kek a gida kin fi kowa iko a kan abin da yake ciki. A yawancin haɗin kek za ki iya rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin ba tare da masu ci sun lura ba, wani lokaci har kashi ɗaya cikin uku. Fiye da haka kek yakan bushe ya yi tauri ya kuma ƙi yin ja, domin sukari ne yake riƙe danshi yake kuma ba shi launi, haka ma ayis kirim yakan daskare kamar dutse idan sukarinsa ya yi kaɗan. Kirfa da banila da ɓawon lemu da aka goga suna sa baki ya ji zaƙi fiye da wanda yake ciki, nunanniyar ayaba da aka dama kuma tana iya maye gurbin wani ɓangare na sukari da mai. A ranakun da ba na kek ba, yankakkun 'ya'yan itace da yogot marar sukari suna rufe abinci da zaƙi, suna kuma taimaka miki wajen cika giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye da ake so baligi ya ci a rana.

Game da sau nawa, ga mai neman rage ƙiba nakan ce ƙaramin rabo na kek ko ayis kirim sau biyu ko uku a mako, a ranakun da kika tsara tun da wuri, muddin an gyara ɓangaren abin sha. Kada ki tsallake abincin rana don ki tanadi wurin kek ɗin dare, domin yunwar da za ki tara ita ce za ta sa ki ninka rabon. Kada kuma ki mayar da motsa jiki horon da ake yi wa kai saboda an ci zaƙi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana taimaka wa tsoka ta ja sukari daga jini, kuma wannan al'ada ce mai kyau ko an ci kek ko ba a ci ba. Ki kula da barcinki ma, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin abu mai zaƙi da maiƙo washegari. Idan kuma wata rana kika wuce abin da kika tsara, abincin da ya biyo baya ki ci shi yadda kika saba, ba tare da ramuwa ba.

Yaranki kuwa shekarunsu ne za su yi miki jagora. Ƙasa da shekara biyu ba a ba yaro sukarin ƙari ko kaɗan, zuma kuma an hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jijiyoyinsa. Daga shekara 2 zuwa 18 likitocin zuciya na Amurka sun ce kada a wuce giram 25 a rana. Kuskure biyu nake so ki kiyaye. Na farko shi ne mayar da zaƙi lada, kamar a ce wa yaro sai ya cinye ganye za a ba shi alawa, domin abin da yake koya shi ne ganye wahala ce, alawa kuma ita ce abin daraja. Na biyu shi ne tsananin hani, musamman idan abin yana gida yaro yana ganinsa. Masu bincike Fisher da Birch sun nuna a 1999 cewa yaran da aka hana su wani abin ƙwalama da suke gani sun ƙara nemansa, sun kuma ci da yawa da aka sake musu. Ki sa kayan zaƙi a faranti tare da kowa a lokacin da kika tsara, ba tare da dogon sharhi ba, su kuma ga kina ci cikin natsuwa. Zancen da ake yi cewa sukari yana sa yara rawar kai bai tabbata ba, domin nazarin da Wolraich da abokansa suka yi a 1995, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, bai samu wannan tasiri ba. Dalilin taƙaita musu sukari shi ne haƙori da ƙiba da kuma cike musu ciki da abin da ba ya gina jiki.

Duk abin da na faɗa ya shafi wadda ba ta da ciwon sukari kamar ke. Mai ciwon sukari ma yana iya cin kayan zaƙi jefi-jefi, amma dole ne a lissafa su cikin jimillar sitaci da sukarin abincinsa, tare da la'akari da maganin da yake sha ko allurar insulin da yake yi, kuma wannan tsari ne da zai yi da likitansa. Ke ma, tunda kin haura arba'in kuma akwai ƙiba, ki riƙa auna sukarin jininki lokaci zuwa lokaci yadda likitanki ya tsara. Akwai kuma abu ɗaya a cikin tambayarki da nake so ki duba da kyau. Idan ranakun da kike ci da yawa suna zuwa da jin cewa ba ki iya tsayawa, kina ci a ɓoye ko da sauri har ciki ya yi miki ciwo, sannan baƙin ciki da kunya su biyo baya, kuma hakan yana faruwa kusan kowane mako tsawon wata uku, to wannan lalura ce da likitoci suka sani kuma tana da magani, ki faɗa wa likitanki yadda kika faɗa mini.